Ƙofar da Injiniya Ya Bari a Kwamfutata

Jama'a, duk wadda ta san za ta shigo min da wa'azin haƙuri, ta tsaya tukuna ta ji ƙarshen zancen. Abin da na yi da hankalina na yi shi, ba wanda ya zuga ni. Ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a shagon tabarau, ni ke goge gilashi in daidaita shi a fuskar mutane. Har yau Auta ake kira na a gida, ko a gaban baƙi.

Wanda ke nemana Injiniya ake ce masa. Ba wani injiniya ba ne, gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, amma tun ranar da ya taɓa kwamfutar Baba ta tashi, sunan ya samu gindin zama a gidanmu.

Kwamfutar Baba tsohuwa ce ta tebur, tana kusurwar falo an lulluɓe ta da tawul mai ruwan ƙasa. A cikinta yake rubuta littafin rayuwarsa, shekara shida ke nan, labarin shekaru talatin da ya yi a maɗaba'a. Ba wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya, har Mama. In ka matso kusa yana rubutu, sai ya ɗaga kai ya dube ka ta saman tabarau har ka ja da baya. Matsalar ita ce kwamfutar ta yi nauyi. Baba zai kunna ta, ya je ya haɗa shayi, ya sha rabi, ya dawo ya tarar tana nan tana nazari.

Sai ga Injiniya wata Asabar da ɗan filash a aljihun gaba. Ya ce zai cire babbar manhajar da ke ciki ya sa wata mai suna Linux.

“Kyauta ce, Baba. Mutanen duniya ne suka taru suka gina ta, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda take. Ba ta da nauyi, tsohuwar na'ura ma gudu take da ita.”

Gaskiya ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kwafe littafin Baba a gefe, ya saka manhajar, ya mayar da komai wurinsa, kwamfuta ta koma tashi kafin ruwan shayi ya tafasa. Baba ya yi ta sa masa albarka. Daga nan ya karɓi laftof ɗina ita ma ya saka mata, ya gyara na'urar intanet ta gida, ya manna kalmar sirrinta a bayan ƙofar falo da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza.

To ni akwai abin da nake yi tun ina makaranta: kullum in na dawo gida sai na rubuta abin da ke raina a cikin laftof ɗin nan. Fayil guda ne, na sa masa suna “lissafin tabarau” don kada wani ya yi sha'awar buɗewa.

Bayan gyaran nan sai Injiniya ya zama wani irin mutum mai sanin zuciya. In rubuta ranar Litinin cewa wata jaka shuɗiya ta burge ni, ranar Laraba sai ga shi da ita a leda. In rubuta cewa na tsani turaren da yake fesawa, washegari ya canza. Saƙo zai shigo wayata:

“Jikina ya ba ni yau ranki a ɓace yake. Wa ya taɓa min ke?”

Ni kuma sakarya sai in rungume waya ina murmushi. Wallahi na so shi, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka Allah ne ya haɗa jininmu.

Sai abin ya zo ta inda ban zata ba. Na nemi gurbin karatun awon ido na shekara biyu a wani gari mai nisa, a ɓoye, don na san Baba ba zai so ba sai an bi shi a hankali. Mutum ɗaya na faɗa wa, Yayata, wadda ke aure a ƙetaren titi. Kwana uku da faɗa mata, Baba ya kira ni falo ya ce ya ji komai, kuma tunda na iya shirya tafiya a bayan idonsa, ba inda za ni. Ya ƙi faɗin wanda ya gaya masa.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na tsallaka titi. Na samu Yaya tana shanya kayan yara, na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce mata munafuka. Yayar da ta goya ni, na dubi idonta na ce mata munafuka. Ta rantse, ta yi kuka, ban saurara ba. Wata biyu muka yi ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

A wata biyun nan Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tare a kunnena.

“Ke Auta, me kike jira ne? Yaro mai ladabi, ga sana'a, ga shi ubanki na sonsa. Ƙarshen wata manyansa za su zo a tsayar da magana, kada ki ba mu kunya.”

Wata Juma'a da yamma na dawo aiki da wuri, na cire takalmi, na baje a gado da laftof. Sai ga sanarwa ta fito cewa akwai sabon zubin manhajar, ko ina son a sabunta? Injiniya ya sha ja min kunne kada in taɓa irin wannan sai yana nan, wai zan lalata. Ranar dai haushin kowa nake ji, na ce ta lalace ɗin, na danna.

Ta yi ta sauke abubuwa kusan awa guda, rubutu na gudu a allo. Can sai ta tsaya cak ta jefo min tambaya. Wai akwai wani fayil na saiti da aka taɓa canzawa da hannu a wannan kwamfutar: a bar shi yadda yake, a maye shi da sabo, ko a nuna min bambancin? Ni da ban taɓa canza komai ba. Na ce a nuna min.

Yawancin rubutun ban gane shi ba. Amma akwai layi guda da aka ƙara, a ƙarshensa an rubuta suna: maigida.

Maigida? A laftof ɗina?

Na ɗauki hoton allon, na shiga wani zaure na masu amfani da manhajar a intanet na tambaya. Mutanen nan ba su san ni ba, ba abin da za su samu a wurina, amma cikin minti ashirin wata mata ta amsa. Ta ce wannan layin izini ne, an ba wani mai wannan suna damar shiga kwamfutar daga nesa, ya karanta duk abin da ke ciki. Ta tambaya ko ni na saita. Ta koya min kalma guda da zan rubuta a baƙin allon nan na ba da umarni, wadda za ta jero min duk ranakun da aka shiga.

Na rubuta. Jama'a, jeri ne ya sauko kamar rasit ɗin babban kanti. Maigida, maigida, maigida, kusan kullum, da ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe, lokacin da nake barin laftof a kunne tana caji in tafi aiki. Na bi ranakun da yatsa. Ga washegarin ranar jakar shuɗiya. Ga washegarin ranar da na rubuta zancen karatu, da sunan makarantar, da cewa Yaya kaɗai na faɗa wa.

Duk abin da na rubuta a shekara takwas, har wanda ko ni kaina nake jin kunyar sake karantawa, mutumin nan ya zauna a shagonsa yana karantawa yana gyaran wayar mutane. Na shiga banɗaki na wanke fuska har sau uku. Ban yi kuka ba. Ƙwafa na yi.

Matar nan ta rubuto min yadda zan rufe ƙofar cikin minti biyar. Na yi mata godiya, na koma kan tambayar da ke jira na a allo, na zaɓi a bar fayil ɗin yadda yake.

Na tura wa Yaya hoton jerin ranakun, na rubuta: “Yaya, ba ke ba ce. Ki yafe min don Allah.”

Ta kira nan take. Muka sha kuka a waya, sannan ta ce, “Tashi yanzu ki kai wa Baba. Yanzu, Auta.”

“In kai masa ya ce me? Zai kira shi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce don gyara daga nesa ya saka, Gwaggo ta ce ai kulawa ce. A'a, Yaya. Da bakinsa zai tona kansa, a tsakiyar falo, a gaban kowa.”

“Ni dai na faɗa miki. Wannan zuciyar taki ba ta taɓa kai ki inda kika nufa ba.”

Ban ji ba. Washegari Baba ya fita miƙe ƙafa, na ɗage tawul na kunna kwamfutarsa. Ita ma akwai ƙofar, da sunan nan dai. Amma da na duba jerin, ba a taɓa shiga ba ko sau ɗaya tun ranar da aka saka. Rubutun tsoho bai dame shi ba, nawa yake so. Na hango foldar littafin, babi na ɗaya har zuwa na goma. Ban buɗe ba, Allah ne shaidata. Na kashe, na mayar da tawul yadda yake.

Na koma ɗaki na kwashe ainihin littafina na zuba a filash, na cusa shi cikin safa a ƙasan akwati. A laftof na bar wa Injiniya shafukan da ba su dame ni ba, sannan na zauna na tsara masa sabo, da irin salon da ya saba gani:

“Yau Baba ya ba ni tausayi. Ya ce ya gaji da masu yi masa daɗin baki. Wai Injiniya yaron kirki ne amma ba shi da ƙashin baya, komai aka faɗa sai ya ce haka ne. Ya ce shi surukin da yake so shi ne wanda zai iya duban idonsa a gaban mutane ya ce masa babi na tara na littafinsa bai dace ba, a cire shi. Ya ce in bai ga haka ba kafin ƙarshen wata, zai sake tunani. Ina tsoron kada in rasa Injiniya.”

Me ya sa tara? Ba dalili. Lamba ce kawai ta zo min. A tunanina duk littafin labarin tawada ne da injin buga takarda, zai je ya karanta ya zo ya yi wa Baba rashin kunya, Baba ya tambaye shi inda ya gani, shi ke nan na gama da shi.

Kwana biyu bayan haka na sake leƙa kwamfutar Baba. Maigida ya shiga, ya yi minti arba'in da bakwai. Na rufe baki da hannu don kada dariyata ta fito.

Saƙonsa ya shigo da rana: “Ranar Lahadi zan zo gaishe da Baba. Akwai maganar maza da za mu yi.”

Na amsa: “Allah ya kawo ka lafiya.” Har da hoton zuciya na sa masa, biyu ma.

Ranar Lahadi na yi kwalliya kamar ba gobe. Doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, mayafi mai shara-shara, na ɗauko jakar nan shuɗiya na rataya a cikin gida don ya gani. Na roƙi Yaya ta zo, ta zo da fuska a ɗaure. Gwaggo dama ba a gayyatarta, tana jin ƙamshin baƙo take bayyana. Ƙarfe huɗu ya yi sallama, cikin farar riga mai guga har tana ƙyalli, ya durƙusa ya gaida kowa. Ni ina bakin ƙofar kicin, laftof na jira a kan firij.

Aka taɓa hira. Mama ta shigo da tiren shayi. Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

“Baba, ni mutum ne mai faɗin gaskiya ko da ba za a ji daɗinta ba. Littafin nan naka, babi na tara bai dace ba. A cire shi.”

Baba ya sauke kofinsa a hankali. “Na'am?”

Da ya tsaya a nan, da komai ya tafi yadda na tsara. Amma shi gani yake jarrabawa yake ci, sai ya ƙara wuta.

“Wa zai so ya karanta yadda ka manta ka bar inji a kunne har abokin aikinka ya rasa yatsu uku? Da yadda aka kore ka? Ga wata bakwai da ka yi kana fita kullum da jakar aiki kana zama a tashar mota har yamma, don kada iyali su sani. Mutum mai daraja irinka, Baba, ai wannan zubar da girma ne.”

Tiren ya kuɓuce daga hannun Mama. Kofuna suka tarwatse, shayi ya bi ƙasan kujera. Mu dai abin da muka sani tun muna yara shi ne Baba da kansa ya ajiye aiki saboda ciwon baya.

“Kora?” in ji Mama. “Malam, kora?”

Baba bai dube ta ba. Injiniya yake kallo.

“Wa ya ba ka littafina?”

“Ai... lokacin da nake gyaran ne idona ya...”

“Wata biyar rabonka da taɓa kwamfutar nan. Babin nan bai kai wata biyu da rubutawa ba. Na ce wa ya ba ka?”

Nan ne wurin da na yi kwanaki ina jira. Na ɗauko laftof na dire a kan tebur, na buɗe jerin ranakun. Na yi bayani dalla-dalla: ga ƙofar, ga sunan da ya raɗa wa kansa, ga ranar da ya karanta zancen karatuna.

“Baba, wa ya kawo maka maganar makaranta?”

Baba ya nuna shi da haɓa. “Shi ne. Ya ce a bakin yayarki ya ji.”

Yaya ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Injiniya ya miƙe, gumi ya jiƙa farar rigar nan har ana ganin singileti.

“Wallahi ita ce! Ita ta rubuta cewa kai ka ce in faɗa! Da idona na karanta!”

“A ina ka karanta?” na tambaye shi, a hankali, ina kallon cikin idonsa.

Gwaggo, wadda ta fi kowa sonsa, ita ta fara cire takalmi.

“Fita! Fita, ɗan banza mai leƙen asirin mutane! Maigida? Maigidan uban wa?”

Ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na cire jakar shuɗiya na wurga masa ta bi bayansa har tsakar gida. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji a wannan minti ɗaya ban taɓa jin irinsa ba. Zuciyata ta yi fari tas.

Da na juyo falo sai na tarar Mama ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Yaya na durƙushe tana tsince fasassun kofuna, ta ƙi ɗago kai ta kalle ni. Gwaggo ta ja mayafi ta ce bari ta duba Mama. Baba na zaune inda yake, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Zo nan.”

Na durƙusa a gabansa, gwiwata cikin shayin da ya zube.

“Yaushe kika gane yana shiga?”

“Kwana tara ke nan... goma da yau.”

“Kin san akwai irin ƙofar a tawa?”

“Na sani.”

“Kafin ki gane, ya taɓa shiga tawa?”

Na so in yi ƙarya. Jerin ranakun na nan a cikin kwamfutarsa, kuma ni da bakina na gama koya masa yadda ake karanta shi.

“Bai taɓa ba.”

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana murza ƙarfen tabarau da babban yatsa.

“Ana iya rufe ta?”

“Ana iyawa. Minti biyar ne.”

“Minti biyar.” Ya maimaita kamar mai koyon kalmar. “Shekara goma sha tara ina neman bakin da zan faɗa wa uwarku maganar nan. Na kasa, shi ya sa na rubuta, na ce in na gama in miƙa mata da hannuna ta karanta ina zaune kusa da ita.”

Hawaye suka zubo min. Na ce, “Baba, wallahi ban san abin da ke ciki ba. Lamba kawai na zaɓa.”

“Na yarda ba ki sani ba.” Ya mayar da tabarau, ya dube ni. “Naki littafin fa, wanda yake karantawa? Yana nan a ciki har yanzu?”

“A'a. Na kwashe shi na ɓoye tun washegari.”

“Kin kyauta,” in ji Baba. “Naki kin ɓoye. Nawa kika aika shi ya karanta.”

Ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya taka fasasshen kofi bai ko lura ba, ya je ƙofar ɗakin Mama ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya kira sunanta, sunan da ban taɓa jin ya kira a gabanmu ba. Ina durƙushe a wurin ina jira in ji ko za ta buɗe.